Kifin nan mai fitila a goshi: gaskiya ne ko haɗin kwamfuta?

Alhaji Ɗan Kwatano: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku duba bidiyon da wani direbana ya turo mini. Baƙin kifi, baki kamar ƙofar rumbu, haƙora kamar ƙayar aduwa, ga wata fitila a goshi. Wai a teku aka ɗauke shi. Ni shekara 14 ina zirga-zirgar Kwatano da Lome, na tsaya bakin teku ya fi a ƙirga, ban taɓa ganin masunta sun jawo irin wannan ba. Ina jin haɗin kwamfuta ne.

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ma raina bai kwanta da shi ba, amma ba kifin ne ya dame ni ba, hasken ne. An ce can ƙasa duhu ne ƙirin. To wannan shuɗin haske mai kyau daga ina? Ni da nake ɗaukar biki na san wahalar da nake sha in an ɗauke wuta.

Mushe: Bidiyon gaskiya ne, kuma Mai Kyamara idonka bai yi ƙarya ba. A farkon 2025 aka ɗauke shi kusa da tsibirin Tenerif, cikin tsibiran Kanari da ke gaban Maroko. Hasken rana ne kake gani, don kifin ne ya taso har kusa da saman ruwa, abin da ba ya yi. Gidansa daga mita 200 ne zuwa wajen 2,000. Bai daɗe ba ya mutu. Kuma Alhaji, dodon nan naka bai wuce tsawon yatsa ba.

Alhaji Ɗan Kwatano: Haba Mushe! Yatsa? Ni na ɗauka ya kai ɗan maraƙi.

Mai Kyamara: Wannan kam aikinmu ne. In na matso da kyamara, ƙosai ma sai ya cika fuskar talabijin.

Mushe: Shi ya sa masu bincike suke ɗaura wa kyamarorinsu 'yan fitilun leza guda biyu, masu ɗiga haske biyu da tazarar santimita 10 tsakaninsu. Da ɗigon nan ake auna duk abin da ya gifta. In ba su, ba ka sanin abu ƙato ne ko ƙarami, tunda ba bishiya, ba mutum, ba abin kwatance.

Hajiya ta Zariya: Ni fa tambayata, wa ke shiga can ya ɗauko? Mutum da 'ya'yansa?

Ɗan Foraj: Hajiya ba dole sai mutum ya shiga ba. Mu a wajen aiki in rijiyar burtsatse ta lalace, kyamara muke zurawa da waya, muna zaune a sama muna kallon bututu a ɗan allo har mu ga inda ya tsage. Mita 100 ko 150 ke nan, kuma ko a nan in roba ɗaya ta saki, ruwa ya shiga, an yi asarar kyamara. Na taɓa gani da idona, maigidanmu kwana uku ba ya amsa gaisuwa.

Mushe: Madalla, ka rage mini aiki. Abin da Ɗan Foraj ya faɗa shi ne, sai dai a ninka. Yawancin hotunan da kuke gani wata na'ura ce ke ɗauka, girmanta kamar ƙaramar mota, da fitilu da kyamarori da hannuwan ƙarfe biyu. Ana sauke ta daga jirgi da igiya mai tsawon kilomitoci. Cikin igiyar akwai wayar wuta da zaren gilas mai kawo hoto sama. Matuƙanta na zaune cikin ɗaki mai sanyi a jirgi, suna canjin aiki dare da rana. Igiyar dole ce, don rezo ba ya ratsa ruwan gishiri. Salularka in ta nutse mita ɗaya ma ta rabu da duniya.

Babbar matsala nauyin ruwa. Kowane mita 10 da ka sauka, an ƙara maka nauyi kwatankwacin na iskar duniya duka da ke bisa kanmu. Wuri mafi zurfi da aka sani yana ramin Mariyana a tekun Pasifik, kusan mita 11,000. Ku ɗauki hanyar Maradi zuwa Tibiri ku tsayar da ita tsaye, kusan haka ne. A can, wuri kamar faɗin farce yana ɗauke da sama da tan ɗaya, wato buhun hatsi goma da ɗoriya.

Hajiya ta Zariya: Innalillahi. A farce ɗaya?

Mushe: A kowane farce Hajiya. Shi ya sa ake sa kyamara cikin kwanson ƙarfen titaniyom da gilashi mai kauri, wasu kayan kuma a cika su da mai don kada a bar iska a ciki. Iska ce ke matsewa. Ma'aikatan jirgi suna da wani wasa: su yi rubutu a kofin soso irin na shayi, su ɗaura jikin na'ura. In ta dawo sai a ga kofin ya koma kamar murfin kwalba, rubutun ya ƙanƙance amma yana karantuwa.

Alhaji Ɗan Kwatano: To su waɗanda suka mutu wajen kallon tsohon jirgin nan fa?

Mushe: Titan ke nan, ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa, 18 ga Yunin 2023, mutum biyar. Yawon buɗe ido suka je wajen gawar Titanic, a zurfin mita 3,800 ko kusa. Jikin Titan bai jure ba, ya murƙushe. Ko na'urori marasa mutum ana rasawa. Amurkawa sun rasa wata mai suna Nereus a 2014, a zurfin wajen mita 9,900.

Ɗaliba: Ina wuni iyayena. Mushe, ni abin da ya fi burge ni labarin 1960 ne da muka taɓa karantawa. Jacques Piccard da Don Walsh sun sauka ramin Mariyana cikin jirgin nutso mai suna Trieste ranar 23 ga Janairu. Kusan awa biyar suna sauka, minti 20 kawai suka yi a ƙasa, kuma ba su dawo da hoton ƙasan ba, don saukarsu ta tayar da laka ta rufe taga. Piccard ya ce ya ga kifi mai faɗi kwance. Yau masana da yawa suna ganin ba kifi ba ne, don ba a taɓa ɗaukar hoton kifi a wannan zurfi ba.

Malam na Limanci: Ashe gani ya kori ji ma yana da iyaka.

Ɗaliba: Allah gafarta Malam, ido ɗaya ne ya gani, ba wanda zai iya sake dubawa. Kifi mafi zurfi da kyamara ta kama a mita 8,336 yake, kudu da Japan, a 2022. Masu bincike na Ostareliya da Japan ne. Ba su ma bi shi ba, firam ɗin ƙarfe suka jefa da kyamara da nauyi, suka ɗaura kifi a gaba a matsayin koto, suka jira. In lokaci ya yi sai a aika masa sauti, ya saki nauyin ya taso da kansa. Koton ma irin kifin ƙanƙara ne da ake sayarwa a kwali a babbar kasuwa.

Hajiya ta Zariya: Kifin da muke cinikin sa da ƙyar shi suke zubarwa a teku. Allah ya kyauta.

Mai Kyamara: Ni ku dawo da ni maganar haske, nan ne tuwona yake. In duhu ne, ai sai a ƙara fitila. Mene ne abin wahala?

Mushe: Ka taɓa kunna filashi a filin biki lokacin hazo, ƙura ta tashi?

Mai Kyamara: Kai, kar ka tuna mini. Hoto duk fari-fari kamar an watsa gari. Amarya ta ce na ɓata mata rana.

Mushe: To haka ruwan teku yake kullum. Akwai ɓurɓushin matattun halittu da ke zubowa daga sama ba tsayawa. In fitila tana kusa da idon kyamara, ɓurɓushin ne zai haska ya dawo maka. Sai a nisanta fitilun gefe a kan sanduna, hasken ya zo a karkace. Kuma ko da fitila mai ƙarfi, 'yan mitoci kaɗan kake gani. Ruwa yana shanye launi, ja ne ke fara ɓata tun a mitocin farko, shuɗi ne ke jurewa. Daga mita 200 hasken ya zama kamar bayan magariba, daga 1,000 kuwa babu hasken rana ko ɗis.

Malam na Limanci: Subhanallah. Duk wanda ya karanta Suratun Nur, aya ta 40, zai tuna: duffai a teku mai zurfi, sashe a kan sashe, har mutum in ya fitar da hannunsa da ƙyar ya gan shi. Ni ba na cikin masu jawo kowace aya su ɗora a kan kowane bincike, don bincike yana canzawa, aya ba ta canzawa. Amma wannan misali in mutum ya ji bayanin Mushe sai jikinsa ya yi sanyi.

Ɗan Masunci: Salamu alaikum. Ni ɗan Madarunfa ne, ina karanta wa Baba abin da kuke rubutawa. Ya ce in faɗa wa Mai Kyamara: wanda ya shiga ruwa da fitila da hayaniya, kifin da bai da wayo kaɗai yake gani. Ya ce tsohuwar tarwaɗa ko inuwar jirgi ta gani ta nutse cikin laka. Ya ce in tambayi Mushe, su Turawan da injinsu da fitilunsu, mi ya sa suke zaton abin da suka gani shi ne abin da ke akwai?

Mushe: Ka gaishe mini da Baba, ka ce masa ya taɓo inda ke ƙaiƙayi. Wannan tambaya ce ta warware wata matsala da ta daɗe tana ba masana kunya.

Akwai wata halitta, Faransawa na ce wa danginta kalmar (calmar). Jiki dogo mai laushi, hannuwa takwas da wasu dogaye biyu na cafka. Ƙaton cikinsu yana kai mita 12, idonsa kamar faranti. Shekara da shekaru ana tsintar gawarsa a gaɓa, ana samun guntayensa a cikin balen, wato ƙatuwar dabbar nan ta teku, amma ba wanda ya gan shi da rai a gidansa. An yi ta zuwa da jiragen ƙarƙashin ruwa, ba a dace ba. Sai 2004 wani Bajapane, Tsunemi Kubodera, da abokin aikinsa suka samu hotuna marasa motsi da kyamarar da suka rataya da koto a zurfin mita 900 wajen tsibiran Ogasawara.

Wata Ba'amurkiya, Edith Widder, ita ce ta yi tunani irin na Baba. Ta ce ƙarar injin da farin haske ne ke korar dabbobin. Ta haɗa kyamara marar inji, mai batir, da ake ratayawa a bar ta shiru tsawon awoyi. Fitilarta ja ce, ja mai duhu da yawancin halittun can ba sa gani.

Mai Kyamara: Tsaya Mushe. Ba sa ganin ja?

Mushe: Tunda ja ba ya isa can, idanun yawancinsu shuɗi suka iya gani. Shi ya sa da yawa cikinsu jikinsu ja ne jawur, don a can ja da baƙi ɗaya ne. Amma ka ji sauran dabarar. Maimakon nama, sai ta sa wani ƙwallo mai 'yan fitilu shuɗɗa masu zagayawa. Kwaikwayon wata halitta ce mai kamar lema, wadda in wani abu ya kama ta sai ta kunna haske tana juya shi, don ta jawo wanda ya fi maharin girma ya zo ya cinye shi.

Hajiya ta Zariya: Wato ihun ɓarawo take yi, unguwa ta fito.

Mushe: Hajiya kin gama bayanin. Shi ƙaton kalmar ba lemar yake ci ba, ɓarawon yake zuwa nema. Da wannan dabara aka samu bidiyonsa na farko a cikin zurfi a 2012, a wannan yanki na Japan. A tafiyar ce kuma Kubodera ya haɗu da ɗaya ido da ido daga cikin ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa, suna tafe da jan haske, a zurfin mita 630, suka bi shi ƙasa. Sun yi nutso wajen sau 100, awa 400 a matse cikin jirgin. An nuna wa duniya a Janairun 2013. A 2019 kyamarar Widder ta sake kama wani a tekun Meksiko.

Ɗan Masunci: Baba yana dariya. Ya ce da sun zo Madarunfa da goro ɗaya zai faɗa musu wanga, ba sai sun ƙona mai ba.

Alhaji Ɗan Kwatano: To ni har yanzu ban gane ba. Me ya hana a jefa taru a jawo su a duba a tebur? Ai ya fi sauƙi da araha.

Ɗaliba: Baba Alhaji, an yi haka fiye da shekara 100, kuma ana yi har yanzu. Amma yawancinsu jikinsu kamar kunun da ya daskare ne, taru yana dagargaza su. Kun san hoton kifin nan mai fuskar tsoho mai fushi, mai ƙaton hanci, da ake sa wa a wasan barkwanci? A 2003 aka kamo shi tsakanin Ostareliya da Niyuzilan. A gidansa kifi ne mai kamannin kifi. Jawo shi sama ne ya narkar da shi. Akwai kuma wani da aka sani tun 1939, amma sai da kyamarar wata cibiya ta Monterey a Kalifoniya ta same shi da rai aka ga ashe kansa garau yake kamar gilashi, idanunsa korra suna ciki suna juyawa. Taru yana fasa wannan rufin kafin ya iso sama.

Ɗan Foraj: Kamar ka ɗauki mutum hoto bayan mota ta take shi ka ce haka kamanninsa suke.

Malam na Limanci: Misalinka ya yi nauyi ɗana, amma ya fito da ma'ana.

Mushe: Wannan cibiya ta Monterey ta tara bidiyon shekaru, aka zauna aka ƙirga. A 2017 suka fitar cewa kashi uku cikin huɗu na halittun da suka gani cikin ruwan suna yin haskensu da kansu, kamar ƙwaron nan mai ƙyalla wuta da dare a damina. Fitilar goshin kifin Alhaji ma haka ne, ƙwayoyin bakteriya ne ke zaune a ciki suna haske, ita kuma tana jan abinci da shi. Na ce ita, don mace ce ke da fitilar.

Hajiya ta Zariya: Dama mana. Ko a teku mace ce ke kunna wuta.

Alhaji Ɗan Kwatano: Na yarda gaskiya ne. Amma mu da ko gulbinmu rabin shekara yashi ne, ina ruwanmu da wannan? Kuɗin jirgi ɗaya ai ya haƙa rijiyoyin Dakoro duka.

Ɗan Foraj: A nan ina bayan Alhaji, ba don neman kasuwa ba.

Mushe: Rijiya ta fi gaggawa, ba na musu. Amma kar mu ce ba ruwanmu. Ku je Adar, wajen Tawa da Malbaza, yara na tsintar ƙwaryar halittun teku da ta zama dutse. Farar ƙasar da ake simintin Malbaza da ita a ƙarƙashin teku ta taru, miliyoyin shekaru da suka wuce. Gidanka Alhaji da tsohon ƙasan teku ka gina shi.

Na biyu kuma ya fi wannan. A ƙasan Pasifik, zurfin sama da mita 4,000, akwai wasu duwatsu kamar dankali masu ɗauke da nikel da kobal da manganis, kamfanoni na son kwashewa. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ƙasan tekun da ba na kowace ƙasa ba gadon 'yan Adam ne duka, har da mu marasa gaɓa. Nijar ta shiga yarjejeniyar a 2013, hukumar da ke kula da wannan ƙasan teku kuma tana Kingiston a Jamaika. A 1989 Jamusawa suka ja wata garma a ƙasan teku gaban Peru don gwaji. Da aka koma da kyamara a 2015, shekara 26, sawun garmar na nan. Ba don hoto ba, wa zai yarda?

Malam na Limanci: Mu da ke zaune kan ma'adinai mun san yadda magana take kasancewa in mai haƙa shi kaɗai ne ya san abin da ke ramin.

Ɗaliba: Malam, akwai lissafin da ya fito a 2025 da ya tsaya mini a rai. An tattara bayanan nutson da aka yi da kyamara tun shekarun 1950, aka ga abin da aka taɓa gani na ƙasan teku mai zurfi bai kai murabba'in kilomita 4,000 ba. Bai kai kashi ɗaya cikin goma na jihar Maradi ba. Kuma kusan duka ƙasashe biyar ne suka yi: Amurka, Japan, Niyuzilan, Faransa da Jamus. Gaɓar Afirka kaɗan aka leƙa. Faransawa sun sauke na'urarsu Victor 6000 a gaban Kwango da Gabon, suka tarar da wuraren da iskar gas ke tsattsafowa a zurfin sama da mita 3,000, cike da halittu.

Alhaji Ɗan Kwatano: To ke 'yata sai ki karanta wannan ki je ki leƙo mana gaban Kwatano.

Ɗaliba: Baba ko iyo ban iya ba.

Mushe: Matuƙin na'ura ba ya jiƙa ko ƙafa. Kuma yanzu ana kallo kai tsaye. Jirgin Falkor (too) na cibiyar Schmidt yana sa nutson na'urarsa a YouTube kyauta. A Maris 2025 su ne suka fara ɗaukar wani ɗan'uwan ƙaton kalmar, wanda ya fi shi nauyi, a can kudancin Atlantika, zurfin mita 600. Shekara 100 cif da sanin sa daga guntayen da aka samu a cikin balen, kuma da aka gan shi jariri ne, santimita 30. Da jirgin ya yi aiki gaban Ajantina a wannan shekarar, dubun dubatar mutane suka riƙa kwana kallo kamar ana ƙwallo.

Ɗan Foraj: Kyauta a wajensu Mushe. Mu megan awa ɗaya ya cinye kuɗin cefane.

Mai Kyamara: Ni dai wani abu ya shiga kaina. Ina da 'yar kyamarar nan ta ruwa da na saya don bikin wani Alhaji, tun ranar ba ta sake aiki ba. In na rufe tocila da jar leda, na ɗaure su a sanda, na nutsar a tafki na bar su awa biyu, me zan gani?

Mushe: Laka, galibi. Ruwan Madarunfa ba garau yake ba, kuma kifin tafki ba kifin zurfin teku ba ne, da yawansu suna ganin ja. Amma ka gwada, ka matso da koto kusa da idon kyamarar sosai, kamar taki ɗaya. Ka ɗaura ashana ko murfin kwalba a gefe don awo. In ya yi kyau zan nuna wa 'yan ajina.

Ɗan Masunci: Baba ya ce ka zo bayan sanyi ya shiga, lokacin da ruwa ya kwanta. Ka kwana nan, a fita kafin asuba. Ya ce kada ka zo da janareto, kada ka zo da abokai masu surutu, kuma salula a bar ta gida. Koto shi zai kawo.

Mai Kyamara: Nawa zan ba Baba?

Ɗan Masunci: Ya ce jika biyu da sukari. In kyamarar ta nutse kuma, ba shi ba shiga ruwan sanyi.